Rabon Mala'iku

Kwalbar ba ta fi tsawon tafin hannu ba. Ta iso tashar motar Dutsin-Ma ranar Alhamis a cikin ƙaramin kwali. Direban da ya ɗauko ta daga Abuja ya kira lambar Maniru sau uku bai samu ba, sai ya kira lamba ta biyu da ke jikin kwalin, wato ta ƙanwar Maniru, Nuriyya, ma'aikaciyar jinya. Ta je ta karɓa. Da ta ga tambarin kamfanin da ke ajiye musu gangarsu a Scotland sai ta gane saƙon daga can ne, don haka ba ta buɗe ba. Ta sanar da yayyenta cewa kowa ya hallara a Barkiya ranar Asabar, za a ɗanɗana abin da aka shekara takwas ana jira.

Su huɗu marigayi Malam Nu'uman Barkiya ya bari. Babbansu Malam Abdulhadi, shi ya gaji makarantar gidan da limancin masallacin unguwa. Sai Lado, mai sayar da hatsi a kasuwar Kurfi. Sai Maniru, ma'aikacin sashen gona a Dutsin-Ma. Nuriyya ce auta. A cikin gadon akwai shanu goma sha ɗaya da suka amince kada a raba. Lokacin da satar shanu ta tsananta a yankin sai suka sayar da su, suka shiga neman abin da ɓarawo ba zai iya korawa daji ba.

Maniru ne ya kawo shawarar. Wani dillali a Abuja ya nuna masa hanyar da mutane ke haɗuwa su sayi gangar katako guda cike da malt, a ajiye musu ita a wani rumbu a Scotland, tana tsufa tana ƙara daraja. Kowa a Kurfi ya san malt: baƙin lemon nan mai zaƙi da ake rabawa a biki da suna, wanda ake ba mai jego da wanda aka ɗebi jininsa. Nuriyya ta tambaya ko ba zai lalace ba, Maniru ya ce ai uwar malt ɗin ce, kamar zuma take, daɗewa ba ta ɓata ta. Lado ya ce ya ji daɗin saniyar da ba ta cin dusa. A takardar sayen akwai gurbin sunan da za a rubuta da fenti a fuskar gangar. Ba a yi gardama ba. Shanun na mahaifinsu ne, sai aka rubuta sunansa.

Ranar Asabar bayan azahar suka zauna a zauren gidan. An gama yankan gero, dammuna na jingine a bango. Malam Abdulhadi na zaune kusa da buzun mahaifinsu, wanda ba wanda ke hawa tun rasuwarsa. Maniru bai iso ba.

"Mu jira shi," in ji Nuriyya. "Shi ya sha wahalar takardun."

"Ma'aikacin gwamnati za ki jira?" in ji Lado. "Sai dai mu sha a kabari. Buɗe, auta."

Ta yanke kwalin da reza. Kwalbar na kwance a cikin auduga, da wasiƙa a ninke a gefenta. An liƙa mata takarda mai ruwan madara, an rubuta da haruffan zinariya: MALAM NU'UMAN BARKIYA, da shekarar da aka cika gangar. Malam Abdulhadi ya karɓa ya daɗe yana kallon sunan, ya ce Allah ya jiƙan mai shi. Suka ce amin.

"Amma malt ɗin nan ya koɗe," in ji Lado. "Kamar ruwan shayi."

"Tsufa ne," in ji Nuriyya.

Ta tsiyaya kaɗan a ƙaramin kofin shayi ta miƙa wa babba. Malam Abdulhadi ya yi bisimilla ya kurɓa.

Bai haɗiye ba. Idanunsa suka firfito. Ya kau da kai daga wajen buzun, ya tofar a ƙasa, ya kama tari har hularsa ta faɗi. Warin ya cika zauren. Nuriyya ta kai kwalbar hanci ta janye da sauri.

"Wannan ai warin sifirit ne, na wanke ciwo."

Lado ya karɓa ya shaƙa sau ɗaya. Ya ajiye ta a hankali, nesa da ƙafarsa.

"Ba sifirit ba ne. Wuski ne."

"Mi ka ce?" in ji Malam Abdulhadi.

"Barasa, Yaya Malam. Ta manyan masu kuɗi."

"Kai ina ka san ta?"

"Shekara shida na yi ina kai albasa Legas. Ba a masallaci direbobi ke kwana ba."

Ba wanda ya yi dariya. Malam Abdulhadi ya miƙe ya ɗauki buta ya fita. Suna jin shi yana kurkure baki yana maimaita innalillahi. Shekarunsa hamsin da takwas, bai taɓa shiga ko shagon da ake sayar da ita ba. Da ya dawo ya tuɓe babbar rigarsa ya ajiye a waje, ya kankare ƙasar da ya yi tofin a kai da bakin fartanya.

A lokacin ne babur ɗin Maniru ya tsaya a ƙofar gida. Ya yi sallama ya shigo, ya ga kwalbar a buɗe a tsakiyar tabarma. Bai tambayi mene ne ba. Ya tsaya a bakin ƙofa da makullin babur a hannu.

Nuriyya ce ta fara lura da haka.

"Yaya Maniru, ka sani."

Ya cusa makullin a aljihu.

"Tun yaushe?" in ji Malam Abdulhadi.

"Shekara ta uku," in ji Maniru. "A wasiƙar wannan shekarar suka rubuta kalmar ƙarara. Da muka saya wallahi ban sani ba. Takardar dillalin malt kawai ta ce."

"Shi ya sa ka daina kawo wasiƙun, sai dai ka faɗa mana da baki," in ji Nuriyya.

"Na so in sayar a ɓoye in dawo muku da shanu. Suka ce sai da sa hannun mu huɗu."

"Shekara biyar," in ji Lado. "Muna cin tuwon salla tare."

Malam Abdulhadi ya zauna. Sannan ya yi tambayar da ta fi damunsa.

"To rabon mala'iku fa?"

Wannan magana tana da tarihi. A wasiƙar shekarar farko kamfanin ya rubuta cewa kusan kashi biyu cikin ɗari na abin da ke cikin gangar zai riƙa raguwa kowace shekara, kuma a can suna kiran wannan ragin rabon mala'iku. Haka Maniru ya fassara, kuma fassarar daidai ce. Malam Abdulhadi ya ɗauka sadaka ce kamfanin ke fitarwa. Tun daga nan, duk watan azumi idan karatu ya zo kan zakka sai ya kawo misalin: akwai wasu Turawa da ba su san Alƙur'ani ba, amma suna cire biyu cikin ɗari don mala'iku, saura ƙiris su kai ga zakka, ku kuma da kuka sani kuna ɓoye dammuna. An naɗi maganar a waya, ta kai Kurfi, ta kai Dabawa.

"Tururi ne," in ji Maniru. "Katakon ganga yana numfashi, iska na shanye wani abu. Shi suke yi wa wannan suna."

"Ba a ba kowa?"

"Ba a ba kowa."

"Azumi bakwai ina faɗa wa mutane mala'iku na karɓar barasa."

"Ba haka ka ce ba, Yaya Malam."

"Biyar daga ciki kana zaune a sahun gaba."

Nuriyya ta warware wasiƙar ta karanta da kanta, ba ta miƙa wa Maniru ba. Ta karanta sau biyu kafin ta fassara. Wa'adin shekara takwas ya cika. Idan masu gangar ba su zaɓi wani abu dabam ba kafin ranar Alhamis mai zuwa, kamfanin zai bi abin da ke cikin yarjejeniya: zai ɗura abin a kwalabe ɗari biyu da sittin, kowace da takarda irin wadda ke jikin wannan, ya sa su a gwanjo a intanet da hotonsu. An ba su kwana goma sha huɗu. Tara sun riga sun wuce.

"Da sunan Baba," in ji ta.

Malam Nu'uman ya shekara arba'in yana karantarwa a wannan zaure. Akwai limamai daga Katsina har Maraɗi da ke cewa su ɗalibansa ne, kuma 'ya'yansu na da wayoyi. Duk wanda ya rubuta sunansa yana neman tarihinsa, kwalbar zai fara gani.

Ranar Litinin da hantsi suka haɗu a falon Nuriyya a Dutsin-Ma, domin a nan waya ta fi kamawa. Maniru ya kira kamfanin ya buɗe murya. Wata mata ce ta ɗauka, mai fara'a, ta fara da taya su murna, ta ce gangar ta yi kyau ƙwarai. Nuriyya na saurare don ta tabbatar Maniru bai rage komai a fassara ba.

"Ka ce mata a zubar," in ji Malam Abdulhadi.

Matar ta nemi a maimaita. Da ta gane sai ta yi bayani cewa gangar tana rumbun da ke ƙarƙashin kwastan, ba a zubar da ko cokali ɗaya sai da izininsu, kuma izinin kan ɗauki watanni. Wa'adin Alhamis ba zai jira ba.

"To a goge sunan."

Ta ce ba a barin ganga babu suna a rumbun. Ta ƙara da cewa idan sayarwa suke so, kamfanin zai saya yau ɗin nan, ta faɗi farashi. Lado ya ɗaga kai.

"Nawa ta ce?"

Maniru ya faɗa masa da naira.

"Wannan ya fi garke biyu," in ji Lado. "Yaya Malam, a sayar mana, su je can su ƙarata."

"Kuɗin barasa ba zai shiga gidanmu ba."

"Shanun Baba ne fa a ciki. Halas muka zuba."

"Ba halas za ka kwaso ba."

"Kai kana da makaranta, wanga yana da albashi, auta na da albashi. Ni rumfa gare ni mai yoyo."

Nuriyya ta tambayi matar da kanta ko sunan zai fita idan aka sayar. Matar ta ce mai saye kan bar sunan farko a jikin takarda, musamman irin wannan da ba a saba gani ba, masu tara kwalabe na son sa. Lado bai ƙara maganar sayarwa ba.

Hanya ɗaya ta rage, in ji matar. Ana iya sauya sunan a cikin kwana biyu, amma sai da na ɗaya daga cikin masu gangar, daidai yadda yake a katin shaidarsa. Sauran ukun kuma su sa hannu cewa sun bar masa ita gaba ɗaya. Daga nan shi kaɗai ke da iko: ya ɗura, ya sayar, ko ya ci gaba da ajiya.

"A sa nawa," in ji Maniru da sauri. "Ni na jawo."

Ya zaro katinsa ya ajiye a kan tebur. Nuriyya ta duba ta tura masa abinsa.

"Karanta."

Maniru Nu'uman. Ya tsaya yana kallon katin kamar yau ya fara ganinsa. Malam Abdulhadi ya laluba aljihu ya fito da nasa: Abdulhadi Nu'uman. Suka juya wajen Nuriyya, ko nata na ɗauke da sunan mijinta. Ta girgiza kai.

"Kai ka hana ni canzawa, Yaya Malam. Ka ce mace da sunan ubanta ake kiranta har ta mutu."

Matar na ta cewa halo a cikin waya. Maniru ya ce mata za su sake kira, ya kashe.

Lado bai motsa ba. Yana jingine da kujera yana kallon silin. Can sai ya ciro walat ɗinsa, ya zare katin ya jefa a kan sauran. An rubuta: Lado Kurfi.

Dukkansu sun san dalili. Yana ɗan shekara tara ya gudu daga makarantar gidan ya koma wajen kawunsu a Kurfi, ya shiga firamare. Hedimasta ya tambaye shi sunan uba, ya ƙi faɗa don kada a mayar da shi, sai aka rubuta masa sunan gari. Haka ya bi shi a kowace takarda. Malam Nu'uman ya shekara biyu bai amsa gaisuwarsa ba, kuma har ya rasu idan ransa ya ɓaci yakan ce Lado ya yar da sunansa a hanyar Kurfi.

"To ga ranarsa," in ji Lado. "Ɗan da ya yar da suna."

Malam Abdulhadi ya ɗauki katin ya juya shi.

"In mun bar maka, za ka sayar."

"Wataƙila."

"Ka yi mini alƙawari ba za ka sayar ba."

"Ba zan yi ba. In na yi ma ba za ka yarda ba. Ka taɓa ba ni ko makullin rumbu?"

"Lado, wannan ba lokacin tone-tone ba ne."

"Kai za a riƙa cewa ɗan Malam. Ni za a ce Lado mai gangar giya, 'ya'yana mata uku suna nan ba a aurar ba. Ka san abin da kake nema a wajena?"

Malam Abdulhadi ya sani. Idan ya ƙi sa hannu, ranar Alhamis sunan mahaifinsu zai hau kwalabe ɗari biyu da sittin. Idan ya sa, ya miƙa barasa ga mutumin da ya ce a fili zai iya sayar da ita, kuma ya taɓa karantar da cewa mai miƙawa da mai sayarwa hukuncinsu ɗaya. Ya zauna da katin a hannu har aka kira azahar a masallacin layin. Ba wanda ya tashi.

"Don Allah, Lado," in ji shi. "Ka ɗauke wa Baba."

Nuriyya ta ce daga baya ba ta taɓa jin ya roƙi wani a gidansu ba. Lado ma da alama bai taɓa ji ba. Ya karɓi katinsa ya miƙa wa Maniru.

"Kira ta."

Aka buga takardar a wani shagon kwamfuta kusa da kasuwa. Malam Abdulhadi ya fara sa hannu, da ajami, sai Maniru, sai Nuriyya. Lado ya sa nasa a ƙarshe. A ƙasan takardar akwai akwatuna uku da sabon mai gangar zai zaɓi ɗaya: ɗurawa, sayarwa, ko ci gaba da ajiya. Ya juya musu baya ya cika, ya ba mai shagon ya tura. Bai nuna wa kowa ba, ba wanda kuma ya tambaya.

Alhamis ta wuce ba labari. Ranar Juma'a bayan la'asar Malam Abdulhadi ya tsayar da jama'a a masallaci ya ce misalin da ya saba kawowa na rabon mala'iku kuskure ne, duk wanda ke da shi a waya ya goge, kuma laifin nasa ne da ya faɗi abin da bai bincika ba. Wani dattijo ya nemi ƙarin bayani. Ya ce tururi ne, ya ɗauki takalmansa.

Hoton gangar ya iso wayar Nuriyya daga kamfanin bayan kwana tara. Ta hau mota ta kai Kurfi, ta tarar da yayyenta uku a rumfar Lado, domin Malam Abdulhadi ya shigo kasuwa, Maniru kuma ya biyo shi. An shafe fuskar gangar da baƙin fenti, an rubuta da fari: LADO KURFI. Malam Abdulhadi ya sa ta ƙara girman hoton, ya bi kowane lungu da ido yana neman ko harafi ɗaya na tsohon sunan. Bai samu ba. Ya mayar mata da wayar.

A ƙasan hoton akwai layi biyu. Nuriyya ta karanta: kamfanin ya karɓi zaɓin mai ganga na ci gaba da ajiya, na wa'adi mafi tsawo da suke bayarwa, shekara talatin, kuma shi zai riƙa biyan kuɗin rumbu.

Suka juya suna kallon Lado. Yana auna wa wata mata dawa, bai ɗago ba.

"Maniru, a shekara talatin nawa iska za ta sha?"

"Kusan rabi, Yaya Lado."

"Rabi kawai?" Ya share bakin tiya da hannu ya juye a buhun matar. "To mala'ikun su ƙara himma. Shekarata hamsin da huɗu, ba zan tsaya jiransu ba."

Malam Abdulhadi ya buɗe baki zai gyara masa maganar, sai ya fasa. Ya matsa gefe ya riƙe wa ƙanensa bakin buhun.